Norbert Wiener

Norbert Wiener (26 ga Nuwamba, 1894 zuwa 18 ga Maris, 1964) masanin lissafi ne kuma masanin falsafa ɗan ƙasar Amurka. Ya shafe sama da shekara arba'in yana koyarwa a jami'ar fasaha ta MIT da ke jihar Massachusetts. Shi ne ya kafa fannin ilimin da ya raɗa wa suna saibanetiks, wato nazarin yadda na'ura da mai rai ke karɓar saƙo su sarrafa kansu. Ana lissafa shi cikin mutanen farko da suka yi rubutu kan haƙƙin da ke wuyan masu ƙera na'urori masu yanke hukunci, batun da a yau ake tattaunawa a kansa game da ƙirƙirarriyar basira.

Farkon rayuwa da karatu

An haifi Wiener a garin Columbia na jihar Missouri. Mahaifinsa, Leo Wiener, Bayahude ne da ya yi hijira daga gabashin Turai, daga baya ya zama malamin harsunan Rasha da maƙwabtanta a Jami'ar Harvard. Uban ne ya koyar da shi a gida, kuma ya yi masa tarbiyya mai tsanani. Ya gama sakandare a 1906 yana ɗan shekara 11, ya sami digiri na farko a lissafi daga Kwalejin Tufts a 1909 yana ɗan shekara 14, sannan ya sami digirin digirgir daga Harvard a 1913 yana ɗan shekara 18. Bayan haka ya tafi Cambridge a Ingila ya yi karatu a wurin Bertrand Russell da G. H. Hardy, ya wuce Göttingen a Jamus wurin David Hilbert.

Aiki

Ya fara koyarwa a MIT a 1919. A nan ya fitar da lissafin yadda ƙananan ƙwayoyi ke kai-komo a cikin ruwa ba bisa wani tsari ba, aikin da har yanzu ake amfani da shi a kimiyya da harkar kuɗi. Ya auri Margaret Engemann a 1926, suka haifi 'ya'ya mata biyu.

A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ya yi aiki da injiniya Julian Bigelow kan na'urar da za ta taimaka wa bindigar kakkaɓo jiragen sama. Na'urar takan duba inda jirgi ya bi, ta yi hasashen inda zai nufa, ta auna kuskurenta, sannan ta gyara saiti. Wiener ya lura cewa haka hannun mutum yake yi idan zai ɗauki abu: ido yana gani, ƙwaƙwalwa tana gyara motsi. Wannan tunani ne ya zama tushen littafinsa Cybernetics na 1948. Ya ɗauko sunan daga kalmar Girkanci mai nufin matuƙin jirgin ruwa.

Ra'ayinsa kan na'ura da al'umma

Bama-baman nukiliya da aka jefa a Hiroshima da Nagasaki a 1945 sun sauya yadda Wiener ke kallon aikinsa. A watan Janairun 1947 mujallar Atlantic Monthly ta buga wasiƙarsa, inda ya ƙi bai wa wani mai bincike kan makamai masu linzami kwafin aikinsa. Hujjarsa ita ce masani yana da alhakin abin da aka yi da iliminsa.

Abu na biyu da ya dame shi shi ne makomar ma'aikata. A 1949 ya rubuta wa Walter Reuther, shugaban ƙungiyar ma'aikatan kamfanonin motoci na Amurka, yana gargaɗin cewa na'urori masu sarrafa kansu za su raba mutane da yawa da aikinsu. A littafinsa The Human Use of Human Beings na 1950 ya kwatanta irin wannan na'ura da bawa ta fuskar tattalin arziki: ba ta karɓar albashi, don haka duk ma'aikacin da aka sa ya yi gogayya da ita, ladansa zai faɗi ƙasa. Bai nemi a hana ƙera na'urori ba. Abin da ya nema shi ne al'umma ta yanke shawarar yadda za a yi amfani da su, kada a bar wa neman riba kaɗai.

A 1960 ya buga maƙala a mujallar Science kan na'urori masu koyo. Ya kafa misali da manhajar kwamfuta da Arthur Samuel na kamfanin IBM ya rubuta, wadda ta koyi wasan dara irin na Turawa har ta kai ga cinye wanda ya ƙirƙire ta. Wiener ya nuna cewa na'ura tana bin umarni ne kamar yadda aka furta shi, ba ruwanta da abin da mai umarnin ke nufi a zuciyarsa, kuma saurinta na iya sa ta gama ɓarna kafin a tsayar da ita. Saboda haka dole a tabbatar da manufar da aka ɗora ta a kai tun kafin a kunna ta. A rubuce-rubucensa yakan kawo labarin masunci da aljanin da ya fito daga tulu, na cikin Dare Dubu da Ɗaya, don nuna cewa buɗe tulun ya fi mayar da aljanin sauƙi.

Mutuwa da tasiri

A watan Janairun 1964 shugaba Lyndon Johnson ya miƙa masa lambar yabo ta ƙasa kan kimiyya. Ya mutu a birnin Stockholm na ƙasar Sweden sakamakon bugun zuciya, yana da shekara 69. Littafinsa na ƙarshe kan wannan batu, God and Golem, Inc., ya ci babbar kyautar littattafai ta Amurka a 1965.

Sunan saibanetiks ya dusashe bayan taron Dartmouth na 1956, inda aka fara yayata sunan ƙirƙirarriyar basira, amma masana irin su Stuart Russell sun sake farfaɗo da gargaɗinsa na 1960. Batutuwan da ya tayar, wato aikin yi da alhakin masu ƙira da barin hukunci na ƙarshe a hannun ɗan Adam, suna cikin ƙa'idojin da ƙasashe 193 na hukumar UNESCO, har da Najeriya da Nijar, suka amince da su a watan Nuwamban 2021.