Agabba, Sarkin Adar

In kun tashi daga Madawa kuka nufi arewa, ta Buza da Kaita, kuna ratsa ƙasar Adar. Ƙasa ce ta duwatsu, amma tsakanin duwatsun akwai fadamu masu albarka, kamar fadamar Majiya. Mutumin da ya kafa sarautar wannan ƙasa sunansa Agabba. Shi kuwa ba Ba'adare ba ne. Ɗan sarkin Agadas ne.

A da can, Adar ba ta da sarki guda. Kowane gari da manyansa. Azna su ne masu ƙasa. Su ke kula da sha'anin noma da farauta, su ke yin yanka don damina ta yi kyau. A ƙarni na 16, Kanta ya yi ƙarfi a Kabi. Ya ƙi bin Askiya Muhammadu na Songai, ya zauna a birnin Surame. Adar ta shiga hannun sarakunan Kabi, tana kai musu gandu shekara da shekaru.

Can arewa kuma akwai ƙasar Abzin, babban birninta Agadas. Uban Agabba, Muhammadu Almubarak, ya hau sarautar Agadas a shekara ta 1654. Abzinawa suna da raƙuma, suna fataucin gishiri da dabino. Abin da ya yi musu ƙaranci shi ne hatsi, don ruwan sama bai ishe su noma ba. Gishiri kuwa ba ya zama tuwo. Dole su gangaro kudu su sayi gero. Ga Adar a kan hanyarsu, ga rumbuna cike, amma ikonta yana hannun Kabi.

A shekara ta 1674, sarki Almubarak ya ɗora ɗansa Agabba a kan rundunar yaƙi. Agabba ya gangaro da mayaƙa a kan raƙuma da dawaki. Aka gwabza, ya kori Kabawa. Daga ran nan gandun Adar ya daina zuwa Kabi, ya koma Agadas. Cikin waɗanda suka kama masa yaƙin akwai wata ƙabilar Abzinawa da ake kira Lisawan. Ku riƙe wannan suna, za mu sake gamuwa da shi.

Da ubansa ya rasu a 1687, Agabba ya gaje shi. A lokacin nan Luwi na 14 ke mulkin Faransa.

Sarautar Agadas ba ta da sauƙin riƙo. Manyan ƙabilun Abzinawa su ke naɗa sarki, in kuma sun gaji da shi su tuɓe shi. Aikin sarki shi ne ya raba gardama tsakaninsu, ya tsare kasuwa da hanyoyin ayari. In ya daɗaɗa wa wannan ƙabila, waccan ta yi fushi. Sarakuna da yawa ba su daɗe a kan gadon ba. Agabba shi ya shekara 34 yana mulki. Wannan kaɗai ya isa ya nuna muku irin dabararsa.

Duk da haka ranarsa ta zo. A 1721, ɗan'uwansa Muhammadu Al'amin ya ƙwace sarauta. Shi ma bai daɗe ba aka tuɓe shi, amma Agabba bai koma kan gadon ubansa ba. Ya riga ya tsufa. Ina zai nufa? Sai ya tuna da ƙasar da ya ci da yaƙi tun yana da ƙuruciya, shekara 47 da suka wuce. Ya tattara iyalinsa da mutanensa, ya gangaro Adar, ya zauna a Birnin Adar.

Cin ƙasa da takobi daban, zama cikinta daban. Baƙin ba su da yawa, Adarawa kuwa sun san kowane dutse da kowane kogo na ƙasarsu. Sabuwar sarauta ba ta kau da azna ba. Sarki ya riƙe yaƙi da gandu, azna suka ci gaba da al'adun ƙasa da na noma. Lisawan ɗin nan kuma suka samu babban matsayi, suka riƙe garuruwa da yawa. Shugabansu ana ce masa Amattakes. Sarautar Kaita daga gidansu ta fito. Sannu a hankali zuriyar Agabba ta saje da mutanen ƙasa, Hausa ta zama harshenta.

Agabba ya rasu a shekara ta 1738. Ƴaƴansa da jikokinsa suka ci gaba da sarautar Adar. Daga baya suka mai da mazauninsu Illela, inda gidan Sarkin Adar yake har yanzu.