Alhaji Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa, Mutumin da ke Jikin Naira Biyar

Al'ada ce a ƙasashe da dama, idan wani babban shugaba ya cika shekara ɗari da haihuwa, gwamnati ta buga kuɗi na musamman domin tunawa da shi. Indiya ta buga kuɗin ƙarfe masu hoton Mahatma Gandhi a 1969. Ghana ta fitar da takardar sidi biyu mai hoton Kwame Nkrumah a 2010. Afirka ta Kudu ma ta buga kuɗin ƙarfe na rand biyar a 2018 saboda Nelson Mandela. Dalilin yin haka a fili yake: mutum-mutumi a wuri ɗaya yake tsayawa, littafi sai mai karatu, amma kuɗi yana shiga hannun kowa, malami da jahili, yaro da babba.

A Nijeriya ma akwai shugabanni a jikin kuɗinmu. Idan ka samu naira biyar, duba ta da kyau. Za ka ga wani dattijo da rawani, da sunansa, da shekaru biyu: 1912 da 1966. Wannan shi ne Alhaji Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa, Firayim Ministan Nijeriya na farko, kuma har yau ba a sake yin wani mai wannan muƙami ba.

An haife shi a watan Disamba na 1912 a ƙasar Bauchi. Sunan mahaifinsa Yakubu Ɗan Zala, mahaifiyarsa kuwa Fatima Inna. Shi ba ɗan sarki ba ne. Mahaifinsa bara ne a gidan hakimi. Tafawa Ɓalewa sunan garinsu ne, kamar yadda 'yan makarantar wancan zamani suka saba ɗaukar sunan garinsu su haɗa da nasu. Ana cewa sunan ya fito ne daga kalmomin Fulatanci biyu masu nufin baƙin dutse.

Ya fara da makarantar allo, sannan aka sa shi a boko a Bauchi. A 1928 ya shiga Kwalejin Horon Malamai ta Katsina, wadda ita ce babbar makarantar Arewa a lokacin. A can ya tarar da Ahmadu Bello, wanda daga baya ya zama Sardaunan Sakkwato, yana gaba da shi da shekara biyu. Malaman kwalejin sun matsa wa ɗalibai ƙwarai kan furta Turanci daidai, shi kuwa Abubakar ya ɗauki darasin da muhimmanci. Allah ya ba shi murya mai kauri da daɗin saurare, ga natsuwa wajen magana. Wannan ne ya sa daga baya aka yi masa laƙabi da mai muryar zinariya. Mai koyon Hausa a yau zai iya lura da abu guda a nan: Turancin da duniya ta yaba masa a kai ba harshen gidansu ba ne, a aji ya koye shi.

Ya gama Katsina a 1933, ya koma Bauchi yana koyarwa a makarantar Midil. A wannan shekara ce Hukumar Talifi ta Zariya, ƙarƙashin Dokta Rupert East, ta shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa. Malam Abubakar ya shiga da littafinsa, Shaihu Umar, wanda aka buga a 1934. Gasar ce kuma ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara. Waɗannan biyu cike suke da raha da abubuwan al'ajabi, amma Shaihu Umar ya sha bamban da su. Labarin wani yaro ne da aka sace tun yana ƙarami a zamanin cinikin bayi, aka ƙetare hamada da shi, ya girma a hannun wani Balarabe har ya zama babban malami. Mahaifiyarsa ta fita nemansa, ita ma ta faɗa cikin bauta, kuma ba ta daɗe da ganinsa ba ta rasu. Saurayi mai shekara ashirin da ɗaya ne ya rubuta wannan labari mai ban tausayi, cikin Hausa mai sauƙi, ba tare da ƙawa mai yawa ba. Duk wanda ya karanta shi zai gane halin marubucin: haƙuri, da tsoron Allah, da ƙin gaggawa. An juya littafin zuwa Turanci a 1967, Adamu Halilu kuma ya mayar da shi fim a 1976.

Ya zama hedimastan Midil ta Bauchi, sannan a 1945 aka tura shi Jami'ar Landan ya yi shekara guda yana ƙaro ilmin koyarwa. Bauchi a waɗannan shekaru tana tashe da mahawara, domin akwai Malam Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano, masu zafin ra'ayi kan mulkin Turawa da na sarakuna. Malam Abubakar yana zama da su, amma shi mai sanyi ne. Da ya dawo daga Ingila aka zaɓe shi wakili a majalisar Arewa a 1946, sannan ya shiga majalisar dokoki ta Legas a 1947.

Sanyin halinsa bai hana shi faɗin gaskiya ba. A watan Agusta na 1950 ya miƙe a majalisa a Kaduna ya nemi a sake duba tsarin mulkin En'e baki ɗaya, domin talaka ya samu bakin magana a sha'anin garinsa. Ɗan bara ne ke faɗin haka a ƙasar sarakuna, kuma maganar ba ta yi wa sarakuna da yawa daɗi ba. A ganina wannan rana tana cikin ranakun da ya fi nuna ƙarfin zuciya a duk rayuwarsa.

Da Jam'iyyar Mutanen Arewa ta zama jam'iyyar siyasa a 1951, yana cikin manyanta. Ya zama ministan ayyuka a 1952, daga baya ministan sufuri. A farkon siyasarsa yana shakkar ko ƙabilun Nijeriya za su iya zama ƙasa ɗaya. Tafiyar da ya yi Amurka a 1955, don ganin yadda ake sufuri a kogin Misisifi, ta sauya masa tunani, saboda ya ga mutane masu asali daban-daban sun zama al'umma guda. A 1957 ya zama Firayim Minista. Ranar 1 ga Oktoba, 1960, shi ne ya karɓi takardun 'yancin kai a Legas daga hannun Gimbiya Alexandra, wakiliyar Sarauniyar Ingila. Bayan kwana shida ya yi jawabi a Majalisar Ɗinkin Duniya, Nijeriya ta zama ƙasa ta 99 a cikinta.

Mutanen Gombe suna da nasu rabon a ayyukan zamaninsa. A lokacin Gombe tana cikin Lardin Bauchi, ba ta zama jiha ba sai 1996. A 1958 Nijeriya ta karɓi bashinta na farko daga Bankin Duniya, dala miliyan 28, domin aikin layin dogo. Aka ja layi daga Kuru ta Bauchi, ya iso Gombe a 1963, ya kai Maiduguri a 1964. Auduga da gyaɗa suka samu hanyar fita, baƙi daga kudu da arewa suka shigo neman abinci, gari ya fara faɗaɗa. Unguwanni irin su Barunde, da suka cika da gidaje daga baya, ci gaban wannan faɗaɗawa ne.

A waje sunansa ya yi ƙamshi. A 1961 ya yanke hulɗa da Faransa saboda gwajin bam ɗin nukiliya da ta yi a hamadar Sahara. Ya tsaya kan adawa da wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu, kuma yana cikin shugabannin da suka kafa Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a Addis Ababa a 1963.

A gida kuwa al'amura sun yi masa nauyi. An kafa dokar ta-ɓaci a Jihar Yamma a 1962. An ɗaure Cif Obafemi Awolowo a 1963. An yi jayayya kan ƙidayar jama'a, aka yi yajin aikin gama-gari a 1964, ƙasar Tibi ta hargitse, zaɓen Disamba na 1964 ya bar baya da ƙura. Bayan zaɓen Yamma na Oktoba 1965 aka shiga ƙone-ƙone da kashe-kashe. Masu sukarsa suna cewa ya yi jinkirin ɗaukar mataki, kuma ya bar ra'ayin jam'iyyarsa ya rinjaye shi, tunda shugabancin jam'iyyar yana hannun Sardauna a Kaduna. Wannan suka tana da tushe. Haƙurin da ya yi masa ado a aji da majalisa bai isa ya kashe wutar Yamma ba. Abin da ko abokan hamayyarsa ba su zarge shi da shi ba, shi ne tara dukiya.

A watan Janairu na 1966 ya karɓi baƙuncin taron shugabannin ƙasashe renon Ingila a Legas kan rikicin Rodeshiya. Kwana uku da watsewar taron, cikin daren 15 ga wata, a watan azumi, wasu sojoji suka yi yunƙurin juyin mulki. Suka ɗauke shi daga gidansa. Bayan kwana shida aka tsinci gawarsa a gefen hanya a wajen Legas. Aka kai shi Bauchi aka binne. Shekararsa 53. Kabarinsa yana nan a Bauchi, jama'a na ziyarta, jami'ar tarayya da ke garin ma sunansa take ɗauke da shi.

Hotonsa ya hau naira biyar ne a watan Yuli na 1979. A lokacin kuɗi ne mai daraja, wanda magidanci zai yi cefane da shi har a ba shi canji. A 2007 aka cire rubutun ajami daga ƙananan takardun kuɗi, aka rubuta darajarsu da boko cikin Hausa da Yarabanci da Ibo. A 2009 aka mayar da naira biyar ta leda. A watan Agusta na 2012, shekarar da ya cika ɗari da haihuwa, Babban Bankin Nijeriya ƙarƙashin Sanusi Lamido Sanusi ya sanar da shirin mayar da naira biyar da goma da ashirin kuɗin ƙarfe, tare da fito da takardar naira dubu biyar. Manufar shirin gyaran tsarin kuɗi ce, ba bikin haihuwarsa ba. Jama'a suka yi ca a kai, musamman don tsoron tsadar kaya, sai Shugaba Goodluck Jonathan ya dakatar da shirin a watan Satumba. Naira biyar ta ci gaba da zama ta leda, sai dai darajarta ta faɗi, har ba ta sayen ko ƙullin gishiri. Yaro zai iya zagaya shagunan Barunde duka bai samu mai ba shi ita a canji ba.