Ladi Kwali, Maginiyar da Zanenta Ya Kai Ta Ingila

In kina da takardar naira 20 a ɗaure a bakin zane, kwance ta ki duba bayanta. Matar nan da ke ginin tukunya ita ce Ladi Kwali.

An haife ta wajen 1925 a Kwali, ƙasar Gwari. Ba ta yi makarantar boko ba. Tun tana yarinya ta koyi gini a hannun wata daga cikin iyayenta mata. Da hannu take ɗora yumɓu har randa ta tashi, sa'an nan ta tsaga mata zane tun da ɗanyenta.

To, zanen nan shi ne abin lura. Takan raba cikin randa gida-gida da layuka, ta sa ƙadangare ko kunama ko kifi ko hawainiya. Amma ba ta kwaikwayon dabbar sak. Takan miƙe ta, ta baje ƙafafunta, ta cika jikinta da ƙananan tsage, har ta zama ado mai bin ƙugun randar. Saboda haka kada ki tsaya kan tambayar me ya yi kama da shi. Dubi inda layi ya nufa, da abin da aka maimaita, da yadda fari ya fito a kan duhu.

Sarkin Abuja Sulaimanu Barau ya tara tukwanenta, a gidansa kuwa wani Bature, Michael Cardew, ya gan su a 1950. A 1954 ta shiga makarantar ginin tukwane ta Abuja, wato Suleja ta yau, ita ce mace ta farko. Can aka riƙa shafa wa randunanta ruwan ƙyalli ana gasawa da wuta mai tsanani. Sai suka yi nauyi, suka daina sanyaya ruwa, suka koma abin kallo. An nuna su a London a 1958, Jami'ar Ahmadu Bello kuma ta ba ta digirin girmamawa a 1977. Ta rasu a Minna ran 12 ga Agusta, 1984.

Mu ma nan Jibiya muna da irin wannan gado a jikin ƙwarya da faifai da tabarma. In 'yarki ta zauna kusa da kakarta tana koyon saƙa, don Allah kada ki kore ta da sunan ɓata lokaci. Sai wani mako, in Allah ya kai mu.