Malam Aminu Kano: Wakilin da bai rufe wa talaka ƙofa ba

Jama'a masu karatu, musamman 'yan kasuwa da iyayenmu mata masu kasa kaya a kasuwannin Tasawa da Mayahi da Isawan, a yau za mu ƙetara iyaka zuwa birnin Kano, inda da yawa daga cikinku suke zuwa sarin kaya, domin mu waiwayi rayuwar marigayi Malam Aminu Kano. Duk wanda ya sauka a babban filin jirgin saman Kano, ko ya kai majinyaci babban asibitin koyarwa na birnin, ya ji wannan suna. Sai dai ba kowa ya san abin da ya sa talakawa suka riƙe shi a zuciya ba.

An haifi Malam Aminu a Kano ranar 9 ga watan Agusta na shekarar 1920. Mahaifinsa, Malam Yusufu, malami ne masanin shari'a da ya yi aiki a kotun alƙali. Ke nan tun yana yaro ya ga yadda ake yanke hukunci, ya ga wanda ake saurare da wanda ake kora. Bayan karatun allo ya shiga boko har Kwalejin Kaduna, daga nan aka tura shi koyarwa a Bauchi a 1942, inda ya zauna da Malam Sa'adu Zungur da Abubakar Tafawa Balewa. A 1946 ya tafi Ingila ƙarin karatu, ya dawo ya jagoranci kafa ƙungiyar malaman makaranta ta Arewa a 1948. Daga baya aka mai da shi Maru, a cikin jihar Zamfara ta yanzu, kuma a 1950 ya ajiye aikin gwamnati da albashinsa ya rungumi siyasa.

Domin mu gane nauyin wannan mataki, ya kamata mu tuna yadda zaman talaka yake a lokacin. Turawan Ingila suna mulki ne ta hannun sarakuna, ƙarƙashin hukumar da ake kira En'e. Kotun alƙali tata ce, 'yan doka nata ne, gidan yari nata ne. Manomi zai biya haraji, wato abin da mu nan muke ce wa lanho, ko damina ta yi kyau ko ba ta yi ba. Makiyayi zai biya jangali a kan kowace saniya. Ga aikin tilas a gonar hakimi ko a kan hanya. Wanda aka zalunta kuwa, in zai kai ƙara, sau da yawa wurin wanda ya zalunce shi zai kai. Dattawanmu da suka ga zamanin Faransa ba su buƙatar a yi musu dogon bayani a kan irin wannan zama.

A ranar 8 ga Agusta 1950 wasu matasa suka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, wadda talakawa suka fi sani da jam'iyyar neman sawaba, kuma a 1953 Malam Aminu ya zama shugabanta. Ƙarfinta bai fito daga fada ba. Teloli ne, da mahauta, da masu ƙananan tireda, da malaman zaure, da direbobi. Aikin yau da kullum shi ne a saurari kukan mutum, a rubuta masa takardar koke, a raka shi kotu, a koya masa cewa yana da ikon ɗaukaka ƙara. Wannan ya jawo wa 'yan jam'iyyar ɗauri da bulala da kora daga garuruwansu. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, wadda ta jagoranci matan jam'iyyar, ta shiga gidan yari sau da dama saboda tara mata da yi musu jawabi a bainar jama'a.

Hanyar majalisa ba ta zo masa da sauƙi ba. A zaɓen 1951 'yan NEPU sun yi rinjaye a matakin farko a birnin Kano, amma tsarin zaɓen mai hawa-hawa ne, kuma kafin a kai hawa na ƙarshe an tace su duka. Ya tsaya a 1954 Maitama Sule ya kayar da shi, ya sake tsayawa a 1956 bai samu ba. Sai a 1959 mutanen Kano ta Gabas suka zaɓe shi zuwa majalisar wakilai ta tarayya a Legas, wato ya zama depite kamar yadda muke faɗa a nan.

To, a nan ne darasin yake. Kujerar ba ta raba shi da mutanen da suka aike shi ba. Gidansa ya ci gaba da zama wurin da mai ƙara yake zuwa ba tare da ɗan rakiya ko goron gaisuwa ba. Batutuwan da ya riƙe tun yana waje su ne ya riƙe yana ciki: gyaran kotunan alƙalai, rage ikon En'e a kan talaka, ilimi ga 'ya'yan marasa hali, da 'yancin mata. Kada mu manta, a zaɓen da ya kai shi majalisa babu macen Arewa ko ɗaya da ta jefa ƙuri'a, domin doka ba ta ba su dama ba. Shi kuwa bai fasa neman a ba su ba, alhali ba su da ƙuri'ar da za su saka masa da ita, kuma maganar tana jawo masa baƙin jini a wurin wasu malamai da sarakuna. A babban zaɓen 1979 kuwa, matan Arewa sun shiga layi tare da maza.

A 1964 ya rasa kujerarsa. Bayan sojoji sun karɓi mulki, gwamnatin Janar Gowon ta naɗa shi kwamishinan tarayya daga 1967, ya riƙe ma'aikatar sadarwa, daga baya ta lafiya. Da aka dawo siyasa ya kafa jam'iyyar PRP a 1978 mai alamar mabuɗi, ya yi takarar shugaban ƙasa a 1979 bai ci ba, amma jam'iyyar ta lashe jihohin Kano da Kaduna. Gwamnonin biyu, Abubakar Rimi da Balarabe Musa, suna hawa suka soke haraji da jangali. Kukan da aka fara a zaure tun 1950 ya ɗauki kusan shekara 30 kafin a share shi.

Ba za mu ce tafiyar ba ta da tabo ba. Jam'iyyar ta dare gida biyu, 'yan santsi da 'yan taɓo, har Malam ya raba hanya da gwamnonin da ya ɗaga hannunsu. Wasu na ganin ya yi sassauci ga gwamnatin tarayya ta lokacin, wasu na ganin yaran ne suka yi gaggawa. Ana cikin wannan rikici Allah Ya yi masa rasuwa ranar 17 ga Afrilu 1983, ana shirin sabon zaɓe. An binne shi a gidansa na Gwammaja, wanda Jami'ar Bayero ta mayar cibiyar nazarin dimokuraɗiyya mai suna Mambayya. Mutumin da ya yi depite, ya yi minista, bai bar dukiyar da magada za su yi shari'a a kanta ba, kuma ko abokan hamayyarsa ba su musa wannan ba.

Labarin ya shafe mu ta wata fuskar. Kalmar sawaba ita ce Djibo Bakary da mutanensa suka ɗauka a nan Nijar, kuma da aka haramta jam'iyyarsu a 1959, wasu daga cikinsu a Kano suka fake wurin 'yan NEPU. Sannan tun zaɓen ƙananan hukumomi na 2004, lokacin da komin irin ta Isawan ta zaɓi wakilanta, mu ma mun ga masu neman ƙuri'a suna shigowa kasuwa da turamen zane da sabulu. Duk ranar da wani ya sake zuwa rumfarki, Hajiya, ko shagonka, Alhaji, ga ma'auni a hannu. Shin ya san nawa ake karɓa a tikitin kasuwa, ya san ina kuɗin suke shiga? Ya san hanyar da motocin hatsi suke kafewa da damina? Ya san rijiyar da ta ƙafe da ɗakin haihuwar da babu ungozoma? In ya ci, za a same shi a gida, ko sai an bi shi Yamai? Zane yana tsufa kafin shekara, amma wanda aka zaɓa sai wa'adinsa ya cika.

Allah Ya jiƙan Malam Aminu da rahama, Ya ba mu wakilai masu jin kukan waɗanda suka aike su.