Antoniyo de Tores (1817–1892): Masassaƙin Jita da Hikimar Auna Amo

Gabatarwa

Nazarin kiɗan Hausa ya fi karkata ga makaɗi da waƙarsa, ya bar masassaƙin da ya haɗa goge ko gurmi ko garaya a bayan fage. Tarihin Antoniyo de Tores Hurado, mutumin Sifaniya wanda ya daidaita siffar jitar gargajiya ta Turai, yana nuna yadda ilimin maƙerin kayan kiɗa ke zama ma'aunin da makaɗa ke bi shekaru aru-aru.

Haihuwarsa da Tasowarsa

An haifi Tores ranar 13 ga Yuni, 1817, a ƙauyen La Kanyada da ke gefen birnin Almeriya a ƙasar Andalus. Yana ɗan shekara 12 aka kai shi garin Bera koyon aikin kafinta. Ya yi auren fari a 1835, matar ta rasu a 1845 sakamakon tarin fuka. Bayan wannan rashi ya koma birnin Sebiya, wanda littattafan Larabci ke kira Ishbiliya. A can ne cikin shekarun 1850 shahararren makaɗin jita Huliyan Arkas ya ba shi shawarar ya riƙi sassaƙar jita a matsayin sana'a. A 1856 ya ƙera jitar da ta yi suna da laƙabin Zakanya, a 1858 kuma ya sami lambar yabo a bajekolin birnin.

Abin da Ya Sauya

Jitar da Tores ya tarar ƙarama ce, mai siririn ƙugu da ƙarancin amo. Ya faɗaɗa cikinta, ya rage kaurin allon fuskarta har ya gaza milimita 3, yana ƙara sirancewa wajen gefe. Don kada allon ya lotsa, ya tallafe shi ta ciki da siraran tsinkayen katako, galibi guda 7, a baje kamar mafici. Tsawon tsirkiya na milimita 650 da ya yawaita amfani da shi ya zama ƙa'ida har yau.

Ra'ayinsa shi ne amon jita daga allon fuska yake fitowa, sauran jiki mataimaki ne. Don tabbatar da haka, a 1862 ya haɗa wata jita da bayanta da gefenta na kwali ne, fuskarta kaɗai ce ta katako mai kyau. Tana ajiye a gidan tarihin kiɗa na Basalona. Manazarcin kiɗan Hausa ba zai yi mamakin wannan ba, domin kuntigin Ɗanmaraya Jos gwangwani ne aka rufe da fata, kuma a goge fatar guza da aka ɗame a bakin ƙwarya ita ke karɓar motsin tsirkiya daga jaki ta mayar da shi sauti.

Yadda Yake Auna Katako

Wani limamin coci, Huwan Martines Sirben, wanda ya taimaka masa a bita lokacin da tsufa ya sa hannunsa rawa, ya ba da labarin cewa mutane sun matsa wa Tores ya bayyana sirrinsa kafin ya mutu. Ya nuna musu cewa abin ba ya faɗuwa da baki, yana tsakanin babban yatsa da manuniya, waɗanda ke lanƙwasa allo su gane ko ya kai yadda ake so. Dalilin haka a fili yake: alluna biyu daga itace guda suna iya bambanta a tauri da nauyi, saboda haka awo guda ba zai dace da su duka ba.

Daga nan masu sayen jitar hannu suka gaji hanyar tantancewa. Suna duba ko tana amsawa da taɓawa kaɗan, ko sautin kowace tsirkiya daga cikin 6 ɗin yana daidai da na 'yan'uwanta, ko amo yana daɗewa kafin ya mutu, ko kuma yana kai wa ƙarshen zaure. Ado da sunan da aka manna a ciki ba hujja ba ne, domin an sha liƙa takardar sunan Tores ta jabu a jitocin da ba nasa ba.

Batun Tsirkiya

A zamaninsa tsirkiyoyi 3 masu siririn sauti na hanjin tumaki ne, 3 masu kauri kuma alharini ne da aka naɗe da siririyar waya. Da su ya auna ƙarfin allonsa. Tsirkiyar nailan ba ta zo ba sai cikin shekarun 1940, ta hannun Albat Ogastin a Amurka tare da makaɗi Andires Segobiya. Darasin da ke nan shi ne allo ke zaɓar tsirkiya. Mai ɗauri da yawa tana danne siririn allo ta shaƙe amonsa, ta ƙarfe kuwa tana iya tumɓuke jakin ko ta karkatar da wuyan jitar. Mai sassauci fiye da kima ba ta iya motsa allo mai kauri.

Ƙarshen Rayuwarsa

Duk da cewa Faransisko Tarrega, jigon makaɗan jita, da jitar Tores ya yi fice, sana'ar ba ta wadata mai ita ba. A 1870 ya bar Sebiya ya koma Almeriya yana sayar da tangaran da gilashi. Ya dawo sassaƙa a 1875, matarsa ta biyu ta rasu a 1883, ya ci gaba da aiki don ciyar da 'ya'yansa. Ya rasu ranar 19 ga Nuwamba, 1892, da bashi a wuyansa.

Kammalawa

Siffar da Tores ya bari ita Manuwel Ramires na Madrid da Haman Hausa na Jamus suka ɗora a kai. An san wannan tarihi ne saboda manazarta irin su Hose Romaniyos, wanda ya wallafa littafi a kansa a 1987, sun bi jitocinsa ɗaya bayan ɗaya suna aunawa. Masu haɗa kukuma da gurmi da molo a ƙasar Hausa suna da irin wannan ilimi na yatsa da kunne wajen zaɓen duma da fata da izgar doki. Aunawa da rubuta shi tun masu shi suna raye aiki ne da ke jiran manazarta.