Labuwaziye, mai sikelin da ya auna numfashi

Duk wadda ta taɓa hura wuta a murhu ta san abu biyu: in babu icce wuta ba ta ci, in kuma babu iska sai ta mutu. Yau mun kawo muku tarihin mutumin da ya fara nuna wa duniya, ta hanyar awo, cewa jikin ɗan Adam ma haka yake. Sunansa Antoine Lavoisier, ana faɗinsa Labuwaziye, mutumin Faransa ne. Mun san ƴan kasuwa za su gane shi da sauri, don da sikeli da littafin lissafi ya yi suna, kuma kuɗin haraji ne suka yi ajalinsa.

An haife shi a birnin Pari ran 26 ga Agusta 1743. Ubansa lauya ne. Uwarsa ta rasu yana da shekara biyar, ta bar masa dukiya mai yawa. Ya karanta shari'a kamar ubansa, amma hankalinsa yana wajen binciken duwatsu da ruwa da iska. A 1768 aka shigar da shi majalisar masanan kimiyya ta Faransa.

A wannan shekara kuma ya sa jarinsa cikin wata ƙungiyar attajirai masu karɓar haraji. A zamanin nan sarkin Faransa yakan sayar wa irin waɗannan attajirai iznin karɓar harajin gishiri, da na taba, da na kayan da ke shiga birni. Su ba sarki rabonsa, sannan su bi talakawa su karɓa da riba. Sana'a ce mai kuɗi ƙwarai, amma babu wanda talaka ya tsana kamar masu yin ta. Da waɗannan kuɗi ne Labuwaziye ya sa aka ƙera masa sikeli masu kyau, irin waɗanda ke jin nauyin abin da bai kai ƙwayar gero ba.

A 1771 ya auri Marie-Anne Paulze, ɗiyar wani babba cikin ƙungiyar. Ta zama abokiyar aikinsa. Ta koyi Ingilishi tana fassara masa littattafan masanan Ingila, ita ke zana hotunan kayan aikinsa, in ana gwaji kuma ita ke zaune da alƙalami tana rubuta duk abin da sikeli ya nuna. Ba su samu haihuwa ba.

A lokacin masana sun ɗauka cewa in abu yana ƙonewa, wani abu ne ke fita daga cikinsa. Labuwaziye ya ce a auna. Ya zuba dalma cikin kwalba, ya toshe bakinta, ya auna, ya gasa ta a wuta, ya sake aunawa. Nauyi bai ƙaru ba, bai ragu ba. Da ya buɗe bakin kwalbar sai iska ta kutsa ciki, ya kuma tarar dalmar ta ƙara nauyi. Ashe wani sashe na iskar ne ya shige ta. Daga nan ya kafa ƙa'idar da kowace mai tebur ta sani: abin da ya shiga da abin da ya fita dole su zo daidai, in lissafi bai cika ba akwai abin da aka manta ba a ƙirga ba.

Wani Baturen Ingila, Joseph Priestley, ya riga shi ware wannan sashe na iska, har ya ba shi labari a Pari cikin 1774. Amma Labuwaziye ne ya gane aikinsa, ya raɗa masa suna oksijan. Wajen kashi ɗaya cikin biyar ne na iskar da muke shaƙa, kuma shi ne abin da wuta ke ci. Ya kife kwalba a kan ɗan tsuntsu, ya ga tsuntsun yana cinye oksijan yana fitar da wata iska, irin wadda gawayi ke fitarwa in yana ci.

Babban gwajinsa ya yi shi da sanyin 1782 zuwa 1783, tare da masanin lissafi Laplace. Suka sa ɓeran Masar cikin wata tukunya da aka kewaye da ƙanƙara. Cikin awa goma ɗumin jikinsa ya narkar da fiye da kashi ɗaya cikin uku na kilo. Suka auna iskar da ɓeran ke fitarwa cikin awa goma, suka lissafa zafin da gawayi zai bayar in ya fitar da iska daidai wannan. Lissafin biyu suka zo kusa da juna ƙwarai. Ma'ana numfashi ƙuna ce, sai dai a hankali take ci, babu harshen wuta.

Wajen 1790 ya koma kan mutum. Wani saurayi mai taimaka masa, Armand Seguin, ya yarda aka ɗaura masa abin rufe fuska ana auna iskar da yake sha. Aka ga in yana jin sanyi yana ƙara shan oksijan, in ya ci abinci ma haka, in kuwa yana aiki da ƙafa abin ya ninka fiye da sau biyu. Wato ɗan dako da mai daka da mai tallar da ke yawo cikin rana sun fi mai zama cikin rumfa ƙona abinci, don haka sun fi shi bukatarsa.

Wuri ɗaya ya yi kuskure: ya zaci cikin huhu wutar ke ci. Masanan da suka biyo bayansa sun gano cewa huhu ƙofa ce kawai. Jini ne ke ɗaukar oksijan daga huhu, da sukarin da ya fito daga tuwo ko fura daga hanji, ya kai su ga ƙwayoyin halitta, waɗannan ƙananan ɗakuna da ido ba ya gani waɗanda da su aka gina nama da ƙwaƙwalwa da zuciya. Cikin kusan kowace ƙwaya akwai ƴan murahu da ake kira mitokondiriya. Nan ake farfasa sukari mataki-mataki, kamar a canza babbar takardar kuɗi zuwa ƴan canji, ƙwayar ta riƙa kashewa kaɗan-kaɗan. Abin da ya rage shi ne ruwa, da iskar da muke fitarwa, da ɗumin da ke riƙe jiki a wajen digiri 37. A 1937 ne Hans Krebs ya bayyana babban sashe na waɗannan matakai. Shi ya sa mace mai ƙarancin jini take yawan gajiya ko da ta ƙoshi: icce yana nan, mai kai iska ne ya yi kaɗan. Shi ya sa kuma kwana da kaskon gawayi cikin rufaffen ɗaki lokacin ɗari yake kisa, don gawayin da bai samu isasshiyar iska ba yana fitar da guba marar wari da ke hana jini ɗaukar oksijan.

Mu koma kan harajin. Daga 1784 aka fara gina ganuwa mai tsawon kusan kilomita 24 kewaye da Pari, don kada kaya su shiga ba a biya ba, kuma da shawarar Labuwaziye aka yi ta. Mutanen birni ba su yafe masa ba. Ya yi alheri ma, don a yunwar 1788 ya ranta wa garin Blois kuɗin sayen hatsi, kuma yana cikin waɗanda suka yi aikin tsayar da mita da ma'aunin da ya zama kilon da muke awo da shi. Amma da juyin juya hali ya ɓarke a 1789, ganuwar aka tuna. An rushe ƙungiyar masu haraji a 1791, aka kama shugabanninta a ƙarshen 1793. Ran 8 ga Mayu 1794 aka yi musu shari'a, a ranar kuma aka sare kawunansu su 28, har da shi da surukinsa. Shekararsa 50.

Marie-Anne ta rasa uba da miji rana ɗaya, aka kuma ƙwace dukiyarsu. Daga baya aka mayar mata da kayan aikinsa da takardunsa, ta tattara rubuce-rubucensa ta fitar da su. Ta rasu a 1836.

Mutumin da ya iya auna numfashin ɓera bai auna nauyin harajin da ke wuyan talaka ba sai da lokaci ya ƙure. Mu dai da muke riƙe da sikeli da tiya kullum, Allah ya ba mu ikon cika awo.