Heinrich Hertz, masanin da ya buɗe hanyar rediyo

Duk mai murɗa rediyo yana neman Muryar Sahel ya saba jin kalmar kilohertz ko megahertz. Asalinta sunan wani masani ne ɗan ƙasar Jamus, Heinrich Hertz, wanda aka haifa a birnin Hambur ranar 22 ga Fabrairu 1857. Ya yi karatu a Barlin wurin shehun malami Helmholtz, a shekara ta 1885 kuma aka ba shi aikin koyarwa a Karlsruhe.

Tun kafin nan wani masani ɗan Birtaniya, Maxwell, ya nuna da lissafi cewa wutar lantarki mai kai da komowa tana fitar da igiyoyi masu ratsa sarari da saurin haske. Aka shekara ashirin ba wanda ya tabbatar da haka.

A shekara ta 1886 Hertz ya ɗauki wayoyi biyu na jan ƙarfe, kowace tsawon mita guda, ya jera su kai da kai, ya bar ƴar rata tsakaninsu. Da ya sakar musu wuta sai tartsatsi ya tsallake ratar, wutar ta riƙa kai da komowa sau miliyoyi cikin daƙiƙa guda. Can gefen ɗakin ya ajiye zoben waya mai ƴar rata, ba abin da ya haɗa shi da wayoyin. Cikin duhu sai ga ɗan tartsatsi a zoben. Maganar Maxwell ta tabbata.

Wayoyin nan biyu su ne eriya mai reshe biyu, wadda har yau ake aiki da ita. Ƙarfinta ta gefe yake fita. Ta bakin rassan kusan ba abin da ke fita. An fi yanka ta daidai rabin tsawon igiyar da ake so: tashar da ke kan megahertz 100 igiyarta mita 3 ce, eriyarta kuwa wajen mita ɗaya da rabi.

Hertz bai ga amfanin da duniya ta ci daga aikinsa ba. Ciwo ya kama shi, ya rasu a birnin Bon ranar 1 ga Janairu 1894 yana da shekara 36, ya bar mata da ɗiya biyu. A 1901 Marconi ya aika saƙo daga Ingila zuwa hayin tekun Atlantika ba tare da waya ba. A 1960 kuwa ƙasashen duniya suka amince da sunan Hertz cikin ma'auninsu na bai ɗaya.